Daga Rediyon Kaduna Zuwa Dikoda: Tarihin Dokokin Watsa Labarai Da Rabonmu A Ciki

Da yawa daga 'yan'uwanmu mazauna birane kan yi tambaya in sun zo gida hutun salla: ina aka kwana game da talabijin na dijital da gwamnati ta daɗe tana alkawari? Kafin a ba da amsa, ya kyautu mu waiwayi baya, domin tun fil azal doka ce ke yanke wanda zai yi magana a iska da wanda zai saurara.

Mu da muka tashi a ƙasar Boɗinga da Shagari, da Rediyon Kaduna muka buɗe kunne. Gwamnatin Sardauna ce ta kafa shi a 1962, kuma ta gajeren zango muryarsa ke isa Sifawa da Dandin Mahe. A 1977 gwamnatin soja ta Obasanjo ta tattara gidajen talabijin duka a ƙarƙashin NTA, har da na Sakkwato. A 1978 aka sake fasalin rediyo: aka kafa FRCN ta haɗiye Kaduna, jihohi kuma aka miƙa musu tashoshin da ke cikinsu. Wannan sauyi ne ya bar wa jiharmu gidan da muka sani da Rima Radio.

A nan tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Tsarin mulkin 1979, wanda marigayi Alhaji Shehu Shagari ya yi rantsuwa a kansa, ya halatta wa jihohi mallakar tashoshinsu, ya kuma ce babu wani mutum da zai buɗe tasha sai da iznin shugaban ƙasa. Jihohin 'yan hamayya ba su yi wata-wata ba. Legas ta buɗe LTV, Kano ta Abubakar Rimi ta buɗe CTV. An sha zafafan kalamai a iska a shekarun nan, har wasu suka ce an wuce gona da iri. A ganinmu, ko da hayaniyarsa, zamanin ne ya fara koya wa talaka jin ɓangare biyu kafin ya yanke hukunci. 'Yan kasuwa kuwa sai da suka jira Dokar Soja mai lamba 38 ta 1992, wadda gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NBC da ita. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio a Kano a 2003.

Maganar dijital daga waje ta taso. A 2006 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Janeba cewa za a kashe tsohon tsarin analog na talabijin ranar 17 ga Yuni, 2015. Hikimar abin ita ce, zango guda da a da ke ɗaukar tasha ɗaya zai ɗauki tashoshi da dama, hoto ya fita tangaran, sararin da ya ragu kuma a sayar wa kamfanonin waya. Nijeriya ta ɗibar wa kanta 2012, wa'adin ya wuce. 2015 ta wuce, 2017 ma haka. An yi gwajin farko a Jos a Afrilun 2016, Abuja ta biyo a ƙarshen shekarar, Ilorin da Kaduna a 2017, Inugu da Oshogbo a 2018, sai Legas da Kano a 2021. Babu Sakkwato a wannan jeri. Daga baya hukumar ta karkata ga tauraron ɗan'adam na NIGCOMSAT.

Abu biyu ya kamata 'yan birni su gane. Na farko, tsohuwar talabijin ba ta kama dijital sai da dikoda, dikoda kuma sai da kuɗi da lantarki. Wanda ya san yadda wuta ke zuwa ƙauyukanmu ya san nauyin wannan magana, don haka mai aika wa iyayensa dikoda ya haɗa da farantin sola. Na biyu, sauyin bai shafi rediyo ba. Akwatin da manomi ke rataya a reshe yana noma na nan da aikinsa, kuma shi ne har gobe makarantar wanda bai shiga aji ba.

Saboda haka muke jan hankalin shugabannin ƙungiya ga wata ƙofa da ba a cika ambato ba. A 2010 gwamnatin Jonathan ta amince NBC ta riƙa ba da lasisin rediyon al'umma, aka ba da rukunin farko a 2015. Irin wannan tasha ƙarama ce, ba ta neman riba, kuma al'umma ke mallakarta. Da muna da ita, farashin albasa, ranar rigakafi, rajistar 'yan makaranta da sanarwar ruwan madatsar Shagari duk sai su isa kunnen jama'a da harshen gida, Hausa da Fulfulde. Muna roƙon a sa batun a ajandar babban taro mai zuwa, a kuma naɗa kwamitin da zai je ofishin NBC ya karɓo sharuɗɗan a rubuce.