Kwanon Kuza na Baba Tsoho

A tsakar gidanmu a Bukuru akwai wani tsohon kwanon ƙarfe mai faɗi, mai kunne biyu, wanda kakarmu take zuba wa awaki dusa a ciki. Na tashi ina ɗauka kwanon awaki ne, sai ranar da ƙanena ya kife shi ya hau yana tsalle, kakanmu Baba Tsoho ya daka masa tsawa daga bakin ɗaki: "Kai, sauka! Kwanon nan shi ya cinye mini wuya." Da shi ya yi ta jidar ƙasa daga ramin kuza shekara da shekaru. Bayan kwanon, abu ɗaya ya fito da shi daga aikin, wato tarin da ke tashinmu da asuba tun kafin ladan ya kira salla.

Ba Turawa suka gano kuza a ƙasar nan ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Liruwe suna narka ta, suna zuba ta sili-sili kamar tsinken tsintsiya, fatake su kai kasuwa. Sawun wannan kuzar ma'aikatan Kamfanin Neja suka biyo a farkon shekarun 1900, har Kanar Laws ya kafa sansani a Naraguta. Ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuma ya shigo Jos a 1927. Gonakin Birom da maƙwabtansu aka farke, kuma har yau ƙasar ba ta koma yadda take ba. Wannan zalunci ne mai zaman kansa, ya cancanci nasa rubutun. Nawa a yau a kan waɗanda suka ɗauki kwanon ne.

Yawancin aikin da hannu aka yi shi: diga, shebur, kwano. Mutum ya shiga rami, a cika masa kwano da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya haura da ita a ka zuwa wurin wanki, ya juye, ya koma. Abin da ya kawo akasarinsu haraji ne. Bature ya ce da kuɗi za a biya, gero kuwa ba ya kawo kuɗi da wuri, don haka da an gama girbi sai samari su kamo hanyar cin rani daga ƙasashen Kano, Katsina, Zazzau, Bauci da Barno, wasu ma daga ƙasashen da Faransa ke mulka. Amma ba kamfani ke ɗaukar su kai tsaye ba. Helma ne ke tara mutanensa, shi ke karɓar jinga, shi ke raba kuɗin mako. Wasu kuma ko albashin ba su da shi: su haƙa, su wanke, su kai wa mai lasisi ya auna ya biya su farashin da ya yanka. Baba Tsoho ya ce a duk shekarunsa na rami bai taɓa jin wani Bature ya kira sunansa ba. Sunan helma ne a littafi, su kuwa adadi ne a ƙarƙashinsa.

Wannan tsari ya yi wa kamfanoni daɗi ƙwarai, domin ranar da kasuwa ta faɗi babu wanda za a sallama, sai dai kawai a daina kira. A 1928 leburorin kuza sun kusa 40,000. Da farashi ya karye a kasuwar duniya aka taƙaita haƙa, zuwa 1933 ba su wuce kimanin 15,000 ba. Sauran kowa ya naɗe tabarmarsa ya kama gabansa, ba ko sisin sallama.

To, wanda ba shi da suna a littafi, idan ya kwanta ciwo, a wuyan wa yake? Nan ne abin yake ci mini rai. Dokar garuruwa ta 1917 ta ware unguwar Turawa daga ta baƙar fata, da fili na yadi 440 a tsakani, kuma hujjar da aka bayar ita ce kare lafiyar Turawa daga cututtukanmu. A lokacin Jos na da asibitin Turawa daban, na 'yan ƙasa daban. Mishan sun buɗe asibiti a Vom a 1922, ya kuma yi wa talakawa amfani sosai, amma ina Vom ina mutumin da ke kwance a wata bukka a Gindin Akwati ko Dorowa? Gaskiya ne manyan kamfanoni sun ajiye ɗakunan shan magani a wasu barikoki. Sai dai ranar da lebura ya je layin magani, ranar ba shi da ko anini, shi ya sa yakan ɓoye zazzaɓinsa ya shiga rami, har sai ƙafa ta kasa ɗaukarsa. Likitocinsa na gaske su ne wanzami mai ƙaho, da mai ɗori, da malamin da zai ba shi rubutu, da tsohuwa mai saiwoyi. Sun yi iya yinsu, Allah ya saka musu, amma ƙaho ba ya fitar da ruwa daga huhu. Idan ciwo ya ci ƙarfin mutum, 'yan garinsu su haɗa masa guzuri ya tafi gida. Can zai mutu, kuma mutuwarsa ba za ta shiga lissafin kowane kamfani ba.

Baba Tsoho bai zo da ƙafarsa ba. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da kuza a lokacin, sai ido ya dawo kan Jos. Gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, duk da cewa Ingila ta riga ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 a kan hana irin wannan aiki. Mutanenmu suka sa wa abin suna diban gwamna. A aiko wa hakimi adadi, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Ɗan sarki ba ya zuwa, ɗan attajiri ba ya zuwa. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000 ta wannan hanya, a 1943 kuma aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba.

Shi daga wani ƙauye a ƙasar Katsina aka ɗebo shi, da taguwa ɗaya a jikinsa. Wanda bai taɓa kwana a tudun Jos da hunturu ba, ba zai gane abin da wannan ke nufi ba: ƙasa ce da ta haura mita 1,200, kuma aikin cikin ruwa ake yin sa. Ya ce bukkokin a cunkushe suke, hatsi ya yi tsada, abin da ake ba su ba ya riƙe ciki. Ciwon huhu da atini da sanƙarau suka shiga barikoki, mutane suka mutu da yawa, da yawa kuma suka gudu cikin dare. Akwai abokinsa da suka taso tare, wanda ya fara tari ranar Talata, ya ci gaba da ɗaukar kwano har Alhamis saboda tsoron helma, aka binne shi ranar Asabar. Baba Tsoho ne ya kai wa uwar abokin labari da hularsa. Duk lokacin da ya zo nan a labarin sai ya yi shiru, ya jawo carbi, mu kuma mu san hira ta ƙare.

Ya koma gida ya tarar damina ta wuce gona ba a nome ba, ga haraji yana jira. Sai ya dawo ramin da kansa, ya zauna. An yi dokar biyan diyyar ma'aikata a 1941, amma ita rauni ta sani, irin hannun da inji ya cire a gaban shaidu. Tarin da ya ɗauki shekara ashirin yana ginuwa a ƙirji ba shi da ranar da ya faru, balle mai shaida.

A shekarun 1950 kasuwar ma'adinin kwalambait ta buɗe saboda Amurka na sayenta don injinan jiragen sama, ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ƙarfi, aka yi yajin aiki, abubuwa suka ɗan gyaru ga waɗanda aka ɗauka aiki na dindindin: akawu, makanikai, direbobin injin haƙa. Mahaifina ya shiga cikin waɗannan daga baya, ya zama makanike a wani kamfani, aka ba shi katin asibiti mai ɗauke da sunansa da na mahaifiyarmu da namu. Ni da ban taɓa ɗaga shebur ba, idan na yi mura sai a kai ni a ba ni magani kyauta. Tsohon da ya haƙa ramukan da kamfanin ke tinƙaho da su, a gida ɗaya da mu, ba ya cikin katin. Na tuna mahaifina yana cewa, "Baba, ka bari in kai ka, zan biya." Shi kuma ya ce, "Bar kuɗinka ka saya wa yara hatsi, ni da tarin nan mun saba."

Katin ma bai daɗe ba. A watan Oktoba na 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe, kamfanonin da dama tun tuni suke rarrafe suka rufe, mahaifina ya dawo gida da katin da ba shi da sauran amfani. Baba Tsoho ya rasu a shekarar da ta biyo, a ɗakinsa, a kan buzunsa.

Yau idan ka bi hanyar Barikin Ladi za ka ga kududdufan da aka bari, ka kuma ga samari suna sauka cikin ramukan loto, wato na masu haƙar kuza da hannu, da igiya da tocila, mata suna wankin ƙasa da goyo a baya. Mai siya ya auna ya biya, daidai yadda aka yi wa kakanninsu. Idan rami ya rufta, 'yan'uwa ne ke tono, su ne ke biyan asibiti. Inshorar lafiya ta ƙasa da aka ƙaddamar a 2005 da ma'aikatan gwamnatin tarayya ta fara, wato da masu suna a littafi. Dokar 2022 ta ce ta zama dole ga kowane ɗan ƙasa, amma a cikin masu loto da na sani a unguwarmu ban ga mai kati ba tukuna.

Ina roƙon ƙungiyoyin masu haƙa da dillalan kuza su fara rubuta sunan duk wanda ya sauka rami, su kai wa hukumar inshora a yi musu rajista. Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho a gidanku da ya ɗauki kwanon kuza, ka zauna da shi tun yana da rai, ka rubuta sunansa da garinsu da barikin da ya yi aiki. Sunan abokin Baba Tsoho ya tafi tare da shi, domin babu ɗayanmu da ya tambaya.