Kacici-kacicin Makaɗi Elgar

Kowa ya san yadda ake kacici-kacici da baki. Wani ya ƙulla, sauran su yi ta faɗi, in sun kāsa su ba shi gari ya kwance musu. Amma a ƙasar Ingila an yi wani makaɗi, ana ce da shi Edward Elgar, wanda ya ƙulla nasa da kiɗa. An kwance sashe ɗaya tun yana da rai, sashen da ya rage kuwa, yau fiye da shekara 120 ke nan, ba wanda ya kwance shi.

An haifi Elgar ran 2 ga watan Yuni, 1857, a wani ƙauye kusa da birnin Worcester. Ubansa mai gyaran piyano ne, yana kuma da kantin kayan kiɗa. Piyano wani abin kiɗa ne mai kama da babban akwati, da tsirkiyoyi a ciki, da yatsu ake danna shi. Turawa suna rubuta kiɗansu a takarda kamar yadda ake rubuta magana, saboda haka wanda ya iya karatun yana iya kaɗa abin da wani ya tsara, ko da ba su taɓa ganin juna ba. Uban ba shi da halin aika ɗansa makarantar kiɗa a Jamus, sai yaron ya duƙufa kan littattafan kantin ya koya wa kansa.

Ya daɗe yana fama. Ya yi shekara biyar yana shugabancin makaɗa a wani asibitin masu taɓin hankali, ya kuma yi ta koya wa mutane goge irin na Turawa don ya sami abinci. Cikin 1889 ya auri Alice Roberts, 'yar wani babban hafsan soja. Danginta ba su so ba, don a ganinsu ɗan mai kanti ba tsaranta ba ne. Har ya cika shekara arba'in manyan Landan ba su ɗauke shi bakin kome ba.

Wata rana da maraice, cikin watan Oktoba na 1898, ya komo gida a gajiye daga wajen koyarwa, ya zauna yana ɗan taɓa piyano. Sai matarsa ta ji wani sauti ya yi mata daɗi, ta ce ya sāke. Da ya sāke, sai ya shiga jujjuya shi don wasa, yana kaɗa shi yadda zai dace da halin wannan aboki ko wancan, ita kuwa tana faɗin wanda ake nufi. Abin ya yi kama da yadda mai kalangu kan kaɗa taken mutum, masu sani su gane ko ba a ambaci suna ba. Bambancin shi ne, Elgar sauti guda ɗaya ya riƙe, ya yi masa juyi goma sha huɗu, kowane juyi siffar mutum guda. Ya sa wa sautin suna Enigma, watau kacici-kacici.

Ran 19 ga Yuni, 1899, aka fara kaɗa shi a Landan, Hans Richter, shahararren shugaban makaɗa, shi ya ja gaba. A takardar da aka raba wa masu sauraro babu cikakkun sunaye, sai haruffa da laƙabi, mutane suka shiga lalube. Juyi na farko an rubuta masa C.A.E., wannan matarsa ce, Caroline Alice Elgar. Na ƙarshe E.D.U., shi ne da kansa, gama Edu matarsa take kiransa. W.M.B. wani mai gari ne mai gaggawa, har ana jin yadda yake buga ƙofa in zai fita. G.R.S. kuwa George Sinclair ne, makaɗin babbar majami'ar Hereford, amma ba shi aka siffanta ba, karensa ne Dan. Cikin kiɗan ana jin karen ya gangara ya faɗa kogin Wye, ya yi iyo, ya fito ya yi haushi. Dorabella wata budurwa ce, Dora Penny, mai 'yar in'ina, sai bushe-bushe suka riƙa ɗan tsaitsayawa kamar maganarta.

Ƙullin da ya fi kyau shi ne na juyi na tara, wanda aka rubuta wa Nimrod, watau Lamarudu. A cikin Attaura ta hannun Kirista an ambaci Lamarudu da cewa babban maharbi ne. Elgar kuwa yana da aboki Bajamushe, August Jaeger, ma'aikaci a kamfanin Novello mai buga takardun kiɗa, sunan nan Jaeger kuma da Jamusanci ma'anarsa maharbi. Ashe sai mutum ya tsallake harshe biyu da littafi guda kafin ya kai ga mai sunan. Wani lokaci da zuciyar Elgar ta karaya har ya ce zai bar tsara kiɗa, Jaeger ne ya zaunar da shi, ya tuna masa wahalar da Beethoven ya sha bai fasa ba. Wannan juyi sākayyar alherin nan ne. Tafiyarsa a hankali take, da nauyi, shi ya sa aka ɗauke shi ana kaɗawa a Landan cikin watan Nuwamba, ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi.

Juyi na goma sha uku ba shi da ko harafi, sai taurari uku. Ana jin ganguna suna gunji ƙasa-ƙasa kamar injin jirgin ruwa. Elgar ya ce wata mace ce mai tafiya a teku, galibi kuma an ɗauka Lady Mary Lygon ce, wadda ta tafi Ostareliya cikin 1899. Waɗansu sun ce a'a, Helen Weaver ce, wadda aka yi musu baiko yana saurayi, auren bai yiwu ba, ta ƙaura zuwa Niyu Zilan cikin 1885.

Duk wannan ƙaramin ƙulli ne. Babban shi ne abin da Elgar ya faɗa cikin takardar ranar farko, cewa ba zai bayyana ma'anar Enigma ba, kuma akwai wani jigo mafi girma da ke ratsa kiɗan duka, amma ba a kaɗa shi. Daga baya ya nuna wa abokansa cewa wata sananniyar waƙa ce wadda in an haɗa ta da sautinsa za su dace. Nan fa masana suka dunguma. Waɗansu suka ce waƙar ban kwana ce ta mutanen Sikotilan, wadda ake yi daren sabuwar shekara, Elgar ya ce ba ita ba ce. Waɗansu suka ce taken Sarkin Ingila ne. Dora Penny ta ba da labari cewa ya yi mamakin yadda ita, ba ma wani ba, ta kāsa ganewa. Sai wani mutumin Holan ya kama wannan magana, ya ce Penny shi ne kwabo, a jikin kwabon Ingila na lokacin kuwa akwai surar mace da ake kira Britannia, saboda haka waƙar nan ta Britannia ake nufi. Dabara ce mai kyau, amma ba a haɗu a kanta ba. Akwai kuma masu cewa ba waƙa ba ce sam, jigon shi ne abota.

Ba wannan kaɗai ya bari ba. Cikin Yuli 1897 ya aika wa Dora wata 'yar takarda mai alamu 87 masu lanƙwasa, jere cikin layi uku. Ba ta iya karantawa ba. Ta buga ta cikin littafinta a 1937, gwanayen kwance rubutun asiri suka yi ta gwadawa, har yau babu fassarar da aka yarda da ita.

Kiɗan nan shi ya ɗaga Elgar. Aka kaɗa shi a Jamus da Amurka, cikin 1904 kuma Sarki Edward na Bakwai ya ba shi lambar girma ta Sir, ɗan mai kantin nan da aka raina. An ce mutum biyu ne kaɗai suka san asirin, Jaeger da Alice. Jaeger ya rasu cikin 1909, Alice cikin 1920. Elgar ya bi su ran 23 ga Fabrairu, 1934, bai faɗa wa kowa ba. Masu nema sun ba shi gari tun tuni, amma mai karɓa ya riga ya tafi.