2.2 Kiwon Lafiya a Matakin Farko da Mata Masu Ƙaramin Ƙarfi

Wannan sashe zai dubi yadda aka yi ƙoƙarin kusanto da asibiti ga talakawa a Nijeriya. A shekarar 1978 ne ƙasashen duniya suka amince, a taron Alma-Ata, cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙin lafiyar al'umma. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe muƙamin Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗabbaƙa wannan manufa. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a 1986, inda aka ba da ƙarfi ga awon ciki da allurar rigakafi da ruwan gishiri da sukari don maganin gudawar yara.

Sai dai ƙarancin magani ya addabi ɗakunan shan magani na karkara. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka fito da Shirin Bamako, wato a sayar da magani a sake saro wani da kuɗin. Magani ya samu a wurare da dama, amma matar da ba ta da abin hannunta sai ta jira miji, ko ta haƙura ta haihu a gida. Daga nan za a fahimci cewa kusancin asibiti kaɗai bai wadatar ba matuƙar kuɗi na tsakani.