Garar kaka: yadda alkaki, cincin da keken ɗinki suka shigo gidajen ƙasar Potiskum

Sallah yawo take yi cikin shekara, ta faɗo a tsakiyar damina, bayan wasu shekaru kuma a same ta cikin zafin bazara. Kaka kuwa tana nan inda take. Da zarar an ɗaure dammunan gero, an rore wake, an cire gyaɗa, kuɗi sun shigo hannun manomi a Danchuwa da maƙwabtanta na ƙasar Potiskum, sai a fara tsayar da ranakun aure. A lokacin ne ƙamshin tuyar gara ke cika tsakar gida, keken ɗinki kuma ba ya hutawa a ɗaki.  Kayan garar nan da keken ɗinkin sun zo mana ta hanya mai nisa.

Gero da dawa su ne abincin ƙasar nan tun kaka da kakanni. Alkama ba ta son zafin damina, sai an yi mata ban-ruwa cikin sanyin hunturu, don haka kaɗan ake nomawa a fadamu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya isa Kano da Kukawa a 1851, ya tarar ana noma ta jefi-jefi a bakin ruwa, kuma manyan masu cin ta Larabawa ne da masu hali. Fataken Tarabulus da Gadamas da suka zauna a waɗannan birane su suka yaɗa girke-girken alkama: gurasa da ake mannawa a tanderu, alkubus, dubulan, da alkaki.

Duk wadda ta taɓa yin alkaki ta san dalilin da ya sa ya daɗe yana gidajen sarauta da na attajirai. Sai an barza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan tsami, a rufe ta kwana. Kashegari a mulmula, a lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, a soya a wuta marar ƙarfi, sannan a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari. Aikin mace ɗaya ba ya isa, dole a gayyato gwaggo da inna da maƙwabta. Amma ladan wahalar shi ne alkaki na iya yin watanni bai lalace ba, haka ita ma nakiya, wadda ake dakawa da shinkafa da man shanu da kayan ƙamshi. Abin da zai jure tafiya daga ƙauye zuwa ƙauye, a raba wa dangin ango har ya kai ga na nesa, shi ya dace da gara. A ganina wannan juriya ce ta ba su gindin zama a al'adar aure, fiye da zaƙinsu.

Zuwan Turawa ya sauya hanyar kaya daga hamada zuwa teku. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. A 1924 aka mayar da hedikwatar masarautar Fika zuwa Potiskum, garin da ya zama mahaɗar hanyoyin Kano da Jos da Maiduguri, kasuwarsa ta bunƙasa, kantuna suka kawo fulawa da sukari. Duk da haka fulawa ba ta zama ta kowa ba sai bayan an kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa a 1962, sannan aka buɗe wani a Bompai ta Kano cikin shekarun 1970, daidai lokacin da kuɗin man fetur suka wadata. Cincin ya biyo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, kek kuma ya fito daga darasin girki na makarantun 'yan mata. Rashin murhun gashi bai hana kowa ba: a zuba yashi a gindin tukunya, a jera gwangwanayen madara da aka shafe da mai, a rufe, a ɗora garwashi a bisa murfi. Har yau akwai gidajen da da wannan dabara suke gasa kek ɗin biki.

Sauƙin ya zo da tsadarsa. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa daga ƙasashen waje take zuwa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da ita a 1987, fulawa ta yi wuya, har aka ɗage haramcin a 1992, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Yobe. A yau ma, duk lokacin da Naira ta faɗi, uwar amarya a Danchuwa tana jin abin a farashin mudun fulawa.

Shi ma ɗinki ya canja hannu. A da mata kaɗi suke yi da mazari, wasu su saƙa gwado, allura da zare kuwa na maza ne, musamman malamai da almajirai masu aikin babbar riga da hula. Keken Singer, wanda Isaac Singer ya yi wa rajista a Amurka a 1851, teloli maza ya fara samu a bakin kasuwa. Da yadin masaƙu ya kashe kaɗi, matan da ke cikin gida suka koma ga allura. Suka kama ɗinkin hula, har da ƙirar da ke ɗauke da sunan Zanna Bukar Dipcharima, ministan nan ɗan Borno na Jamhuriya ta Farko. Suka ƙware a zanen gado mai fure, rigunan matashi, da tumakasar rufe kwanuka. Da keken Butterfly na ƙasar Sin ya zo da rahusa, sai ya shiga cikin kayan ɗakin amare da yawa, ya zama jari a hannunsu.

Abin da ke damuna shi ne alkaki da nakiya sun fara komawa hannun tsofaffi da 'yan ƙalilan masu yin su don sayarwa, saboda cincin ya fi sauri. Ga shi kuwa ana noman alkama da shinkafa a fadamun kogin Yobe, wajajen Gashuwa da Nguru, ba sai an jira jirgin ruwa ba. Iyaye mata, kakar bana idan an zo tuyar gara, a zaunar da 'yan mata kusa da kasko su lanƙwasa da hannunsu. Masu shirya koyar da sana'o'i a jihar kuma su sa alkaki da nakiya a jerin darussansu, kamar yadda suka sa ɗinki.