Tarihin Gina Fuskar Manhajar Waya da Kayan Aikin Apple da Google

Fuskar manhaja ita ce abin da mai waya ke gani yana taɓawa, kamar maɓallai da jerin saƙonni. Marubuta sun saɓa kan mafarin kayan gina ta. Wasu na kafa 2007, shekarar fitowar iPhone, wasu kuma 2008. Ta farkon ba ta da ƙarfi, domin a lokacin Apple bai ba kowa damar gina manhaja kai tsaye a kan wayar ba, shafukan intanet kawai aka yarje wa mutanen waje.

Asalin abin ma ya girmi wayar. Wani Bafaranshe, Jean-Marie Hullot, ya ƙirƙiro hanyar da mutum zai ja maɓalli da linzamin kwamfuta, ya ajiye shi inda yake so, sannan ya ja layi ya haɗa shi da aikin da zai yi, maimakon rubuta komai da hannu. Ya koma kamfanin NeXT na Steve Jobs, inda aikin ya fito a 1988 da sunan Interface Builder. Da Apple ya sayi NeXT a ƙarshen 1996, sai ya gaji wannan kayan aiki tare da harshen Objective-C. Su aka miƙa wa masu gina manhajar iPhone a 2008, kafin buɗe App Store a watan Yuli. Har yau sunayen da masu gina manhaja ke amfani da su, irin su NSString, na ɗauke da tambarin zamanin NeXT.

Google ya bi wata hanya dabam. Da Android ta fito a 2008, an riƙa bayyana fuska ne a fayil ɗin XML, aikinta kuma a harshen Java, saboda kamfanoni da yawa ke ƙera wayoyin, kowa da girman allonsa. Apple kuwa ya daɗe da ma'aunin allo guda a iPhone, 320 da 480, har sai da iPhone 5 ta ƙara tsawo a 2012, shekarar da Auto Layout, tsarin daidaita fuska da girman allo, ya iso iOS, tsarin da iPhone ke aiki da shi.

Daga baya harshen Swift na Apple ya zo a 2014, harshen Kotlin kuma ya samu amincewar Google a 2017. An gabatar da sabbin kayan gina fuska, SwiftUI na Apple da Jetpack Compose na Google, a 2019, na biyun ya kammalu a 2021. A duka biyun mai gini yana faɗin yadda fuska za ta kasance ne, tsarin ya riƙa sabunta ta da kansa idan bayanai sun canza.