Rigar Nutso

Rigar nutso sutura ce da ke riƙe wa mai nutso ɗumin jikinsa a ruwan sanyi. Ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska wajen sau 25. Masuntan dam ɗin Guzuguzu a Kabo da na Challawa, kudu da Gwarzo, a jikinsu suka san wannan: da hunturu gajeren wando kawai gare su, su fito haƙora na kaɗawa, su nufi bakin wuta.

Ɗaya daga cikin na farko a Landan aka yi ta. A ƙarshen shekarun 1830 Augustus Siebe ya haɗa kwalkwalin jan ƙarfe da rigar da ruwa ba ya ratsawa, ana hura iska ta tiyo daga sama, mai nutso kuma ya sa kayan ulu a ciki. Wannan ita ce busasshiyar riga.

Akwai gardama kan wanda ya ƙirƙiro jiƙaƙƙiyar riga. Ɓangare uku ake danganta wa ita, duk a Kalifoniya ta Amurka: Jack O'Neill, wanda ya buɗe shago a San Faransisko a 1952; tagwaye Bob da Bill Meistrell, da suka shiga sana'ar a 1953; sai Hugh Bradner, masanin fiziya a jami'ar Berkeley. Na farko da na biyu sun yi kasuwa, don haka sunansu ya fi tafiya. Amma takarda mai kwanan wata ta Bradner ce. A wasiƙarsa ta 21 ga Yuni, 1951, ya bayyana cewa ba dole ne mai nutso ya zauna a bushe kafin ya ji ɗumi ba, muddin akwai iska a kulle cikin jikin rigar. Ya samu abin da yake nema a niyofirin, robar da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1930, wadda ake iya cika ta da ƙananan kumfa kamar soso. Ruwa kaɗan kan shiga ya kwanta a fata, jiki ya ɗumama shi, kumfar kuma ta tare sanyin waje. Ya gwada ta a 1952, bai samu rajistar mallakar fasahar ba, kamfanin da ya kafa don sayar da ita kuma bai yi nisa ba. Shi ya cancanci a kira mai ita.

Jiƙaƙƙun rigunan farko danƙo ne tsura, sai an barbaɗa hoda kafin su shiga jiki, kuma da sauƙi suke yagewa, har aka manna musu yadin nailan a shekarun 1960. Kaurinsu yau yakan kai milimita 2 zuwa 7. A zurfi nauyin ruwa na matse kumfar, ɗumin ya ragu, shi ya sa masu aiki a ruwan ƙanƙara suka riƙe busasshiyar.