Aro da Ƙagawa a Alƙalamin Abubakar Imam

Cikin shekarar 1933 Dokta East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙaga labarai da Hausar boko, aka sa gasa. Abin bai zo da sauƙi ba, gama a wurin malaman wancan zamani alƙalami na addini ne da sha'anin mulki, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara. Duk da haka aka sami littattafai biyar, cikinsu har da Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, yana da shekara 22.

Tun daga nan zancen aro ya biyo shi. Wanda ya karanta Muƙamatul Hariri ba zai kasa ganin inuwarta a kan Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba, watau mutum biyu masu gamuwa gari gari, kowace gamuwa da irin tata dabara. A 1936 kuma aka kawo shi Zariya, East ya tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, daga cikinsu ya gina Magana Jari Ce. Akun nan mai tsare Musa da hira, asalinsa daga Indiya yake. Sarkin Busa kuwa Bajamushe ne kafin ya sa rawani.

Waɗansu masu nazari sun ɗauki wannan a kan aibi. A ganina sun auna shi da mudun da ba na kasuwarsu ba. Imam ɗan malamai ne, ya tashi inda ake yi wa waƙar magabata tahamisi, mutum ya ɗora ɗango uku a kan biyu na wani, a kuma yaba masa. Haka Tabbat Haƙiƙa ta iso mana: Shehu ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Ba wanda ya ce musu ɓarayi.

Abin da ya kamata mai nazarin harshe ya duba shi ne jimlar kanta. East ya so Hausa mai sauƙi don 'yan makaranta, Imam kuwa ya ba shi Hausar zaure, wadda ke tafe da “sai” da “ko da” kamar mai ba da labari yana numfashi. Fadawansa na faɗuwa su yi gaisuwa, alƙalinsa na tsoron sarki, waziri na ƙulla makirci irin wanda duk Bakatsine ya taɓa jin labarinsa. Labarai da yawa ma karin magana ya sa musu a maimakon suna, har mai karatu ya zaci daga karin maganar labarin ya tsiro. Wannan ba ya cikin littattafan da East ya ajiye masa bisa tebur. Daga Kagara da Katsina ya zo da shi.